Mun Bi Wayar Lantarki Har Gungu

Duk wanda ya fita Birnin Kebbi ya nufi kudu zai ga wasu dogayen turakun ƙarfe sun jeru cikin daji, suna ɗauke da wayoyi masu kauri. Mu da muke zaune a Badariya mun saba da ganinsu har mun daina kula da su. Amma yara ba su gajiya da tambaya. Autanmu ya sha tambayarmu inda wayoyin nan suka fito, mu kuwa kullum amsa ɗaya muke ba shi, watau daga Kainji. Rannan sai ya ce, "To Baba, su mutanen bakin ruwan ba a ɗauke musu wuta ke nan?" Muka yi dariya, amma ba mu da amsa.

Wannan tambaya ce ta sa da hutun Kirsimeti na 2024 ya zo, ba mu tafi gida wurin dangi kamar yadda muka saba ba. Muka shirya mu kai yaran su ga ruwan da idonsu. Ba mu sani ba ashe mu manya ne za mu fi amfana da tafiyar, gama wata biyar bayanta muka shiga duhun da ya gwada gidanmu ƙwarai.

Argungu tukuna

Kafin mu yi kudu sai muka fara yin arewa, muka yi yini ɗaya a Argungu. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Dalilinmu shi ne, gulbin da ya ratsa Argungu shi ne ya gangaro ta gefen Birnin Kebbi, ya ci gaba har ya faɗa cikin Kwara, watau kogin Neja. Daga nan ruwan ya wuce Yauri, ya taru a tafkin Kainji, ya juya injuna. Sa'an nan ya komo mana ta waya ya zama hasken ɗakinmu. Muna so yaran su fara ganin ruwan tun yana kusa da gida.

Mun shiga gidan tarihin Kanta. An gina gidan a 1831, shi ne fadar Sarkin Kabi har 1942, a 1958 kuma aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Akwai masu, da takubba, da kwari da baka, da tambura, da kayan su iri iri. A ciki kuma kaburburan sarakunan Kabi suke. An ba gidan sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a Surame, ya ƙi bin Songai. Yaran ba su damu da shekaru ba, wurin makamai suka tsaya sai da muka janye su.

Daga nan muka gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Wanda ya saba ganin hoton wurin, dubban masunta da homa da gora sun cika ruwa, zai yi mamakin ganinsa a watan Disamba. Shiru kake ji. Ba a su a wurin sai ranar biki, domin kifi ya samu ya girma. Mun zauna a inuwa mun ci gyaɗa, mun komo gida da wuri.

Hanyar Yauri

Kashegari da asuba muka kama hanyar Jega, daga Jega zuwa Koko, daga Koko zuwa Yelwa, babban garin ƙasar Yauri. Muna ba kowa shawara ya yi wannan tafiya da rana, ya kuma tambayi direbobi labarin hanya kafin ya tashi. Hunturu ya yi ƙarfi, hazo ya rufe ko'ina. Turakun nan kuwa wani wuri mu hange su, wani wuri su ɓace cikin daji, yaran suna ta gasar wanda zai fara gano su. Layin ya kai kimanin kilomita 300 daga Kainji zuwa Birnin Kebbi. Bai tsaya nan ba, gama daga Birnin Kebbi ake miƙa wutar zuwa Sakkwato, har zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar.

Da muka iso bakin Kwara a Yelwa sai muka ga abin mamaki. Rabonmu da ruwan sama wata uku, gulbinmu na gida ya fara janyewa, amma nan kogi cike yake. Ga dalilin. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce da ya sauka a ƙasashenmu, ana kiransa farin ruwa saboda lakar da ke cikinsa. Ta biyu kuwa ruwan da ya sauka ne a duwatsun ƙasar Gini. Yakan bi ta Mali, ya bazu cikin wata makekiyar fadama, ya yi ta tafiya a hankali har laka ta kwanta. Ba ya isowa Nijeriya sai cikin hunturu, a tace, shi ya sa ake ce da shi baƙin ruwa. Watau fitilar da muke kunnawa da rani, ruwan saman wata ƙasa ce mai nisa yake kunna ta.

Turawa sun daɗe da sanin Yauri. Mungo Park ya biyo ta nan a jirginsa a 1806, ya mutu a gaba kaɗan, a duwatsun ruwa na Busa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri suna neman takardunsa. Tsohuwar Busa ɗin yanzu tana ƙarƙashin ruwa.

A wannan yanki kalmar gungu tana nufin tsibiri. Shi ya sa Hausawa suke kiran mazaunan tsibiran Gungawa, ko da yake su Bareshe suke kiran kansu, suna kuma da harshensu dabam. Sunan yana nan cikin sunayen wurare, kamar Gungun Sarki. Wani abokin aikinmu ɗan ƙasar ne, shi ya haɗa mu da kawunsa da ke zaune a wani ƙaramin gungu, ya kuma aika aka tarye mu a tashar jirage.

A nan aka ɗan yi gardama. Uwar yaran ta ce ba wanda zai sa ƙafa cikin jirgi sai an kawo rigunan ceto, kowa da tasa. Mai jirgi ya ce, "Haba Inna, ai ruwan nan gidanmu ne." Ta ce gidansu ne, amma ba gidanta ba ne. Gaskiya kuwa tana wajenta. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da aka cika maƙil da mutane ya tsage a tsakiyar ruwa kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, ba nisa da nan. Fiye da mutum 100 suka hallaka ko suka ɓace, da yawansu mata da yara. Jirgin da ya yi lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, su ne suka fi cin rai a kogin nan. Aka nemo riguna. Muka ɗauki shatar jirgin mu kaɗai, ya fi tsada, amma ba mu yi da-na-sani ba.

Kwana a gungu

Tafiyar ruwa ba ta yi nisa ba. Mun wuce masunta suna jefa birgi, da mata cikin kwalekwale ɗauke da itace. Mai jirgi ya nuna mana wani wuri ya ce dorina takan fito can, ya kuwa yi nesa da wurin. Yaran suka yi ta leƙe, ba su ga kome ba sai kumfa.

Gungun da muka sauka bai fi gida talatin ba. Ga rumbuna, ga gonakin albasa kore shar har bakin ruwa, ga taru an shanya a kan sanduna. Warin hayaƙin banda ya cika wurin. Mai masaukinmu dattijo ne, ya haura shekara saba'in. Bayan an gaisa an sha ruwa, autanmu bai yi wata-wata ba ya tambaye shi ko ana ɗauke musu wuta. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Jikana, ai sai an kawo ake ɗaukewa."

Nan ya ba mu labari. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da aka tare kogin sai ruwa ya komo da baya, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya kai har Yauri. Garuruwa da ƙauyuka da gungu da yawa suka nutse. An tashi mutane fiye da 40,000. Shi yana yaro a lokacin. Ya ce ya tuna ranar da suka kwashe kayansu cikin jirage, da yadda kakarsa ta ƙi duban baya. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a tudu. Amma mutumin da aka haifa ruwa yana kewaye da shi, zaman tudu ba ya yi masa daɗi. Gonar albasa ta gefen ruwa ba ɗaya take da jigawa ba. Da ya girma ya yi aure sai ya komo kan wannan tudun da ruwa bai ci ba. Gungun da aka haife shi kuwa, ya nuna mana wajen da hannu. Ruwa ne kawai shimfiɗe.

Bai faɗi wannan da fushi ba. Mu ne muka ji nauyi. Shekara da shekaru muna gunaguni in an ɗauke wuta na awa biyu, ga wanda aka nutsar da gidan ubansa domin a samar da ita, bai taɓa kunna ƙwai ɗaya da ita ba.

Muka kwana biyu a wurinsu. Ba mu je da niyyar koyon kome ba, amma ido ba ya rasa gani.

Abu na farko da muka lura, rana ce agogonsu. Kafin ta faɗi an gama girki, an ci, an wanke kwanoni, an cika randuna, an shigar da kaji. Ba aikin da ake bari sai dare. Kowane abu kuma da wurinsa. Matar gidan tana iya miƙa hannu cikin duhu ta ɗauko ashana ko ludayi ba tare da lalube ba. Mu a gida, in wuta ta ɗauke, neman tocila kaɗai yakan ɗauke mu minti goma, a same ta kuma batir ya mutu.

Na biyu, ba su ajiye ɗanyen abu. Kifin da aka kamo da safe, ko a ci, ko a sayar, ko ya hau banda a yinin. Uwar yaran ta zauna da matan tana kallo. Sukan fasa babban kifi su wanke, su sa gishiri, su bari ya tsane. Ƙananan tarwaɗa kuwa a lanƙwasa su a soke da tsinke. A jera bisa waya, wutar a ƙasa ba mai harshe ba, hayaƙi da zafi kaɗan kaɗan, ana juyawa. Suka ce wanda aka yi wa banda sama sama kwana biyu ne ƙarkonsa, amma wanda ya bushe ƙayau yakan yi makonni, in ana mai da shi kan wuta lokaci lokaci saboda ƙwari. Tumatir da kuɓewa da tattasai duk a yanka a shanya. Albasa kuwa a rumbu mai shan iska, ba a ƙasa ba.

Da dare sanyin kogi ya sauko, irin wanda ba mu sani ba a Badariya. Aka hura wuta a tsakar gida, kowa ya kewaye. Ba farin wata. Muka tambaya ko ba su shiga da garwashi ɗaki. Dattijon ya ce sun daina, tun shekarar da aka wayi gari aka tarar da wani baƙo da ɗansa ba su motsi, kasko yana gefensu, ƙofa a rufe. Sai a ji ɗumi a waje, a shiga a rufa.

Ba za mu ce zamansu ya fi namu ba, kada mai karatu ya ɗauka haka. Ba asibiti a gungun. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama da tsakar dare, sai a sa ta a jirgi cikin duhu. Ruwan kogi suke sha, yara suna fama da ciwon ciki da tsargiya. Su kansu suna son wuta. Wani saurayi ya sayo faifan sola guda, yana yi wa mutane cajin waya ana biyansa, da dare kuma fitilarsa ce kaɗai farar fitila a garin. Yaran makaranta sukan taru a ƙofarsa su yi karatu.

Da za mu tafi aka cika mana kwali da bandar kifi da albasa. Mun yi ƙoƙarin biya, aka ce mun zage su.

Guguwar watan Mayu

Mun komo gida, makaranta ta buɗe, labarin gungu ya zama na hira. Abu ɗaya kaɗai muka yi, uwar yaran ta sayi randa babba ta kafa a inuwar darbejiya. Maƙwabta har suna yi mata ba'a, wai mai firji me za ta yi da randa.

A ƙasarmu ba sanyi ke kashe wuta ba, iskar farkon damina ce. A watan Afrilu da Mayu ƙasa ta gasu, ma'aunin zafi yakan haura 40. In hadari ya haɗo daga gabas, iska ce take riga ruwa isowa, ta zo da jar ƙura, ta kware rufin kwano, ta tumɓuke itatuwa. A watan Mayu na 2025 irin wannan iska ta kayar da wasu daga cikin manyan turakun layin Kainji a ƙasar Shanga, kan hanyar da muka bi zuwa Yauri. Birnin Kebbi da Sakkwato da garuruwan da ke shan wuta daga layin suka shiga duhu. Turken ƙarfe irin wannan ba falwayar unguwa ba ce da za a tayar da yamma ɗaya. Sai an kawo ƙarafa da ma'aikata cikin daji, a sake kafa shi gaɓa gaɓa. Muka yi kwana da kwanaki. In wutar ta leƙo ma ba ta daɗewa.

Kuskurenmu na farko firji ne. Akwai nama da miya a ciki. Muka yi ta cewa ai yanzu za a kawo, yara kuma suna ta buɗewa suna neman ruwan sanyi. Firjin da aka bari a rufe yakan riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza in tana cike, ba a buɗe ta, takan kai kwana 2, a zafin Mayu kuwa kada a dogara da hakan. A rana ta biyu muka zubar da tukunyar miya guda. Sai uwar yaran ta tuna da matan gungu. Ta fitar da sauran naman tun bai juya ba, ta yanka sirara, ta sa gishiri, ta ɗora waya bisa murhu a bayan gida ta yi masa banda. Wani kuma ta soya shi ƙayau. Daga ranar muka koma cefanen yini, a dafa abin da za a cinye. Abin da ya kwana cikin zafi, ko da bai yi wari ba, ba a ba yaro.

Amma wahalar da ta fi ba ta abinci ba ce, ta ruwa ce. Mun manta cewa rijiyar burtsatse da wuta take aiki. Tankin unguwa ya ƙafe a rana ta biyu. 'Yan ga-ruwa suka yi wuyar gani, kuɗin jarka ya hau, gama su ma sai mai burtsatse ya sayi mai ya tayar da inji. Injin markaɗe ma haka. A nan randa ta fanshi kanta. Ruwanta da sanyi, ba wuta ba ƙanƙara, domin jikinta yana tsatsafo, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin. Waɗanda suka yi ba'a su ne suka riƙa aiko yara da kofi. Ruwan da ba mu san rijiyarsa ba kuwa sai mun tafasa kafin ya shiga randa, aka kuma ajiye moɗa ɗaya mai mariƙi, ba mai tsoma hannu.

Da wannan hikimar ce wani malamin makaranta na Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Mun gwada da tumatir da alayyafo da yalo, sun yi kwanaki ba su yanƙwane ba. Ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, in damina ta kankama ƙarfinta yakan ragu. Ba ta nama ba ce, ba kuwa ta madara ba. Wata tsohuwa a layinmu mai ciwon sukari, wadda allurarta ba ta son zafi, ita ma mun haɗa mata guda, bayan 'yarta ta je ta tambayi ma'aikacin asibiti ya ce ya fi a bar maganin a ɗaki.

Dare kuwa a tsakar gida muka riƙa kwana, kowa cikin gidan sauro. Ɗakin kwano a watan Mayu ba fanka, tanderu ne. Jarirai da tsofaffi su zafi ya fi kayarwa, a riƙa ba su ruwa ko ba su tambaya ba, a shafa musu jiƙaƙƙen tsumma. Aikin makaranta sai a yi shi da la'asar. Abincin dare kafin magariba. Tocila da ashana suka sami ƙusa tasu a bayan ƙofa. Muka sayi fitilar sola ƙarama mai cajin waya, muna shanya ta bisa katanga da rana. Kyandir mun hana, saboda gidan sauro da yara. Bayan addu'ar dare ba talabijin, sai hira. A cikin kwanakin nan ne yaranmu suka ji labarin kakanninsu da ba mu taɓa samun sukunin ba su ba.

Maganar janareto

Wannan sai mun tsaya a kanta, domin saura kaɗan mu yi jana'iza a layinmu.

Wani maƙwabcinmu yana da ƙaramin janareto. Saboda tsoron ɓarayi, da kuma hadari da ya haɗo a daren, sai ya shigar da shi cikin baranda, ya rufe ƙofar waje, iyali suka kwanta fanka tana juyawa. Allah ya sa ƙanensa ya dawo daga tafiya da tsakar dare. Ya yi ta bugun ƙofa ba amsa, ya tashe mu. Da aka ɓalle ƙofar, maigidan ya kasa tsayawa, matar tana amai, yara biyu sun yi laushi. Aka fitar da su iska, aka kashe injin, aka kai su asibiti. Duka sun tashi.

Hayaƙin janareto yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce kuma take fita daga garwashin gawayi, irin wadda dattijon gungu ya ba mu labari. Takan shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake bukata. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin kome, daga barci sai mutuwa. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, inji ko gawayi yana kusa, kada a tsaya neman magani. A fita waje tukuna.

Ba mu kaɗai wannan yake ci ba. A watan Fabrairu 2021 guguwar sanyi da ƙanƙara ta faɗa wa jihar Tekzas ta Amurka, gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wuta cikin tsananin sanyi. Fiye da mutum 200 suka mutu. Yawancinsu sanyi ne ya kashe su, amma wasu wannan gubar ce, domin sun kunna janareto ko gawayi cikin gida, ko sun zauna cikin mota a rufaffen gareji suna jin ɗumi. Ƙasa mai arziki ke nan.

Saboda haka janareto a waje yake kwana, nesa da ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana duban wani gefe. In ana tsoron ɓarawo a ɗaure shi da sarƙa, ko a gina masa keji mai rufi wanda iska ke ratsawa. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Kada kuma a haɗa shi da wayar gida sai da makunnin da ke raba layin gida da na waje. In ba haka ba wutarsa takan koma kan falwaya, ta kama ma'aikacin da ya hau gyara yana tsammani layin a mace yake.

Haka nan wayar da iska ta tsinke ta faɗi ƙasa. Ko gari duka yana cikin duhu, a ɗauke ta tana da rai. A layinmu wata ta faɗo bakin kwata, yara suka fara taruwa. Wani dattijo ya ɗauko kujera ya zauna nesa kaɗan da sanda a hannu, yana kora su, har ma'aikata suka zo.

Ranar da wuta ta dawo sosai, ihun yaran unguwa ne ya sanar da mu. Mun riga mun zare firji da talabijin daga bango tun ranar farko, gama wutar da ta dawo bayan dogon rashi takan zo da ƙarfi ta ƙone kaya. Muka bar ƙwai ɗaya kawai a kunne. Sai da ya yi kamar rabin awa yana ci daidai, sa'an nan muka mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Gida biyu a layinmu da ba su yi haka ba sun kai firjinsu wurin mai gyara.

Da abokin aikinmu zai je gida bayan damina, muka ba shi saƙo ya kai gungu: fitilar sola biyu, da rigunan ceto huɗu na yara. Ya komo mana da kwalin banda, da saƙon dattijon cewa ruwa ya fara hawa, in muna tafe mu bari sai baƙin ruwa ya iso, lokacin jirgi yakan kai har ƙofar gidansa.